Wake ɗari a kan sikeli: yadda nake koyar da aisotop

A jadawalin sinadarai an rubuta wa kulorin nauyin 35.5, alhali babu atam ɗin kulorin ko ɗaya mai wannan nauyin. Iri biyu ake samu, kulorin-35 da kulorin-37. A tsakiyar atam akwai ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutoron. Kowanne daga cikin kulorin biyun furoton 17 gare shi, shi ya sa duk sunansu kulorin. A niyutoron suka bambanta, ɗaya 18, ɗaya 20, in an haɗa da furoton 17 a sami 35 da 37. Irin waɗannan atam na sinadari ɗaya da suka bambanta a niyutoron su ake kira aisotop. In na ce wa 'yan aji huɗu na sakandare su fitar da matsakaicin nauyi, sai su haɗa 35 da 37 su raba biyu, su kawo mini 36. Don maganin wannan 36 ɗin nake shiga ɗakin gwaji da wake.

Farin wake nake saya, mai ƙananan ƙwaya da mai manya. Kowane rukuni na ɗalibai ina ba su ƙanana 75 da manya 25 gauraye a kofi guda, ba tare da na faɗa musu adadin ba. Sikelin ya zama mai karanta har 0.01 na giram. Na kicin da ke tsalle giram-giram ba zai yi ba, don ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin giram.

Su ware, su ƙirga, su auna ƙanana gaba ɗaya su raba da yawansu, manya ma haka. A ce ƙanana sun ba da giram 10.5, wato 0.14 kowace ƙwaya, manya kuma 5.5, wato 0.22. Jimla giram 16, a raba gida 100, an sami 0.16. Mai haɗawa ya raba biyu 0.18 zai samu, sikeli kuwa ya ƙaryata shi a gaban idonsa. Daga nan muke komawa kan kulorin: 35 sau 75, a haɗa da 37 sau 25, ya zama 3,550, a raba da 100. Ga 35.5. Ainihin kason ya kusa 75.8 da 24.2 cikin ɗari, nauyin gaskiya na aisotop ɗin kuma ya ɗan gaza 35 da 37, shi ya sa wasu littattafai ke rubuta 35.45.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne a ɗora kofi ba a mayar da sikeli sifili ba, nauyin kofin ya shige cikin lissafi. Sai waken da ƙwari suka huda, wanda ciki ya zama gari. A tsince shi tun kafin darasi. Kada kuma a bar ɗalibai su ɗebi cikin hannu daga babban kwano, don in an girgiza manya ne ke hawowa sama, kason ya karkace. Wasu malamai wake da masara suke haɗawa saboda sauƙin warewa. Ban yarda da wannan ba: yaro zai tafi da cewa aisotop sinadarai ne daban-daban, alhali sinadari ɗaya ne, halinsa ɗaya wajen haɗuwa da wasu.

Ina kuma faɗa musu inda misalin ya gaza. Ƙwayar wake kowace da nata nauyin, amma atam na aisotop guda duk daidai suke.

In lissafi ya zauna, sai na nuna musu argon, mai 39.9, zaune gaban fotasiyam mai 39.1 a jadawalin, alhali ya fi shi nauyi. Kusan duk argon na iska argon-40 ne, fotasiyam kuwa galibinsa 39. Mendeliyef, da ya jera jadawalinsa bisa nauyi a 1869, ya gamu da irin wannan tsakanin teluriyam da aidin, ya bi halin sinadaran ya sa teluriyam gaba. Sai a 1913 aikin Henri Mozli ya nuna cewa lambar atam, wato yawan furoton, ita ke tsara jerin: argon 18, fotasiyam 19.

Aikin gida jan ƙarfe nake bayarwa, a juye: aisotop 63 da 65, matsakaici 63.5, su nemo kason kowanne. Da waɗannan lambobin 75 da 25 za su samu, ainihin kason kuwa kusan 69 da 31 ne, saboda nauyin gaskiya 62.93 da 64.93 ne, matsakaicin kuma 63.55. Washegari da wannan giɓin muke buɗe darasi.