Bututu har cikin zuciyar Baba

Alhamdulillah, an sallamo Baba. Masu kira da masu addu'a, Allah ya bar zumunci.

Zuciyarsa ce ta gaza tura jini yadda ya kamata. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ba ya shiga, in ya kwanta numfashi ya sarƙe sai an tokare shi da matasan kai. Da ƙwayoyi suka kasa, likita ta ce sai an leƙa ciki.

Ba tsaga ƙirji aka yi ba. Allurar kashe zafi suka yi masa a wuyan hannu, suka zura siririn bututu ta jijiyar jini har zuwa zuciya, suka tura wani ruwa da ke fitowa a hoto, don a ga ko jijiyoyin da ke ciyar da ita sun toshe. Idonsa biyu fa, har yana tambaya ko an kira la'asar! Jijiyoyin lafiya lau, ɓangarorin zuciyar biyu ne ba sa bugawa tare. Sai aka dasa masa 'yar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji, da wayoyi uku masu daidaita bugun.

Wanda ya fara wannan kasada ta zura bututu cikin zuciya, wani likitan Jamus ne, Werner Forssmann, a kansa ya gwada a 1929. Ya samu kyautar Nobel a 1956. Ni kam da ƙaninsa ne, da na ɗaure shi.

Kuɗin aikin kuwa, sai da gona ta tafi. Yanzu rigimarmu da Baba ɗaya ce: an hana shi gishiri da kilishi, an kuma ce kada ya ƙara sa waya a aljihun gaban riga.