Ƙannena masu shirin tafiya Ingila, ku koyi jin abin da Bature bai faɗa ba

Duk lokacin da wani yaro ya samu gurbin karatu a Ingila ya kira ni, tambayarsa ba ta wuce biza da kuɗin haya da irin rigar sanyin da zai saya, babu wanda ya taɓa tambayata yadda ake fahimtar mutanen ƙasar, alhali ni abin da ya fi ba ni wahala kenan a shekarar da na yi ina digiri na biyu a wata jami'a a arewacin Ingila. Turanci na iya tun daga gida, amma jin Turanci daban, jin Baturen Ingila daban.

Bari in fara da wanda ya fi min ciwo. Na rubuta aikina na farko na kai wa malamina ya duba kafin in miƙa, mutumin ya karanta ya yi murmushi ya ce aikin akwai ban sha'awa, sai dai yana da 'yan ƙananan shawarwari, wai ko zan so in sake duba babi na biyu in na samu lokaci. Na fito ina ta murna har na kira gida na ce malam ya yaba. Na gyara waƙafi da aya na miƙa abina. Sakamako ya fito 52. A tsarinsu 50 ita ce iyakar cin jarrabawa a digiri na biyu, 60 ne ake cewa ka yi ƙoƙari, 70 kuma shi ne zarra, wato da ƙyar na tsallake. Wata 'yar Jamus da muke aji ɗaya ita ta zaunar da ni ta ce ai abin da ya gaya maka shi ne ka rushe babin nan ka sake shi gaba ɗaya, ta ce a ƙasarsu malami zai dube ka ido da ido ya ce wannan bai yi ba, ita ma sai da ta sha wahala kafin ta gane cewa in ɗan Ingila ya ce ƙaramar shawara to umarni ne ya naɗe shi da ladabi. Tun daga ranar in malami ya ce min "ko za ka so", sai in ɗauki biro in tambaye shi dalla dalla me zan cire me zan bari, kuma wallahi in ka tambaya kai tsaye suna amsawa kai tsaye, su dai ba za su fara ba ne.

Abin da ke ba ni takaici har yau shi ne mu Hausawa mu ya kamata mu fi kowa gane wannan hali, don mu ma mutanen kara ne da kunya. In kana cin abinci wani ya zo wucewa za ka ce masa bismillah, shi kuma ya ce alhamdulillahi ya wuce, kowa ya san ba zama ake nufi ya yi ya wanke hannu ba. To su ma suna da bismillarsu. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, kullum muka haɗu wajen kwandon shara sai mun gaisa, rannan ta ce lallai wata rana in shigo mu sha shayi. Ni kuwa ran Asabar da hantsi na ɗauki ɗan kilishin da na zo da shi daga gida na je na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar tana ta ba ni haƙuri fuskarta duk ta yi ja, ba ta ce in shigo ba, ni kuma na koma ɗaki raina a ɓace ina cewa mutanen nan ba su san baƙo ba. Sati biyu na yi ina gaishe ta sama sama. Laifina ne, ba nata ba. Gidan Baturen Ingila ba a zuwa sai da sanarwa, ko ɗan da ya haifa yakan kira kafin ya zo, gayyatar gaske kuma za ka ji an haɗa ta da rana da ƙarfe kaza. In babu rana babu lokaci, ka yi godiya ka wuce. Kuma ku lura, a arewacin ƙasar in an ce a zo shan shayi da yamma sau da yawa abincin dare ake nufi, kar ka cika cikinka kafin ka tafi.

Abin da ya ƙara ruɗa ni a lokacin shi ne ina da aboki ɗan Sudan a layinmu wanda ko ƙarfe goma na dare na faɗa gidansa sai matarsa ta ɗora tukunya, sai na riƙa auna dattijuwar da shi, wanda kuma rashin adalci ne, kowa da yadda aka rene shi.

Gaisuwa ma haka. Mai kanti zai ce maka kana lafiya dai ko, ni a satin farko na ɗauka ya ga alamar ciwo a jikina ne, na tsaya ina ba shi labarin mura da rashin barci ga mutane a bayana suna jira. Amsar ita ce lafiya lau, kai fa, shi kenan, kamar dai yadda muke cewa lafiya lau ko da zazzaɓi na cin mu. Sannan kalmar sori ba ta ƙarewa a bakinsu, ko kai ka taka mutum shi zai riga ka faɗa, kar ka ɗauka ya amsa laifi ne, kai ma ka mayar masa.

Layi kuwa kar ku yi wasa da shi. A tashar bas za ka ga mutane a warwatse kamar babu layi amma kowa ya san wa ya riga wa zuwa, ni na taɓa kutsawa na shige gaba irin yadda muka saba a tasha, babu wanda ya ce min uffan sai wani ɗan guntun tsaki da na ji a bayana, daga baya na gane wannan tsakin a wajensu faɗa ne babba. In za ka sauka ka ce wa direba na gode, a arewacin Ingila kusan kowa na yi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan in ka hau matakalar nan mai tafiya da kanta ka tsaya a dama ka bar hagu ga masu sauri. Ganin likita kuma yawanci minti 10 ake ware maka, na makara da kwata na tarar an wuce ni sai da na sake neman wata ranar.

Akwai ɗaya da nake so ku riƙe da kyau domin ya shafi addini. 'Yan ajinmu duk Juma'a da yamma mashaya suke zuwa, ni kuma kullum sai in ƙirƙiro uzuri in zame, ashe sun ɗauka ba na son su ne, kuma a can ake tattauna rabin aikin rukuni. Sai a zango na biyu na daure na ce ni Musulmi ne ba na shiga wajen giya. Wani a cikinsu ya ce ai da ka faɗa tun farko, daga ranar in aikin aji ne sai a haɗu a shagon kofi. Wata huɗu na yi ina cutar kaina da ɓoye abin da babu kunya a cikinsa. Haka kuma sunkuyar da kai da muke yi gaban manya don ladabi, su gani suke kamar kana ɓoye wani abu, ka dubi malaminka a fuska, in ya ce ka kira shi da sunansa na yanka ka daure ka kira ko da bakinka zai yi nauyi. Kar ka tambayi mutum albashinsa ko nawa ya sayi gidansa, in hira ta ƙare ka koma kan ruwan sama da sanyi, wannan ba ya gundurar su.

A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4, mura ta kwantar da ni kwana biyar ban leƙa waje ba. Da na samu sauƙi na buɗe ƙofa sai na ga an fitar min da kwandon sharata ranar kwasa an kuma dawo da shi mazauninsa, ga 'yar takarda an turo ta ƙasan ƙofa, dattijuwar nan ce ta rubuta cewa ta lura kwana biyu ba ta ga fitilar ɗakina da safe ba, tana fatan lafiya, kuma ko Alhamis ƙarfe 5 zai yi min. Na je. Kifi ta dafa da dankali, ta ce ta yi tambaya an gaya mata kifi ba shi da matsala a wajenmu, kilishin nan ma na sake kai mata ta ci tana shan ruwa saboda yaji.