Sau biyu na ɗauki hoton Dutsen Zuma

Wancan karon da muka taso daga Kaduna za mu Abuja na roƙi direba ya ɗan tsaya wajen Madalla in ɗauki Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100 ɗin nan. Ƙarfe ɗaya na rana ne ga hazon hunturu, hoton ya fito fari fat kamar an watsa masa gari, siffar nan mai kama da fuskar mutum ta jikin dutsen ma ko alamarta babu, wallahi raina ya ɓaci.

Da damina na koma, bayan la'asar sakaliya rana ta yi sanyi, haskenta na zuwa ta gefe har tsagogin dutsen suka fito ɗaya bayan ɗaya. Na goge gilashin kyamarar wayar da bakin riga, na kunna layukan nan masu raba allo gida tara, na ajiye dutsen kan layin hagu maimakon tsakiya, sannan na nemi izinin wata baba mai gasa masara ta shigo gaban hoton, hayaƙinta na tashi, nan ne girman dutsen ya bayyana. Zum ɗin yatsa kam, wato jawo hoto kusa da yatsu a kan allo, na daina, dagula hoto yake, gara in taka in matsa kusa.