Ba Lasifika Ce Ke Da Laifi Ba

Sana'ata haɗa lasifika da gyaran amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. A shagon gyaran rediyo na tashi, daga nan hannuna ya faɗa kan kayan sauti, yanzu kuwa yawancin masu nemana 'yan kwamitin masallatai ne. Maganarsu kusan ɗaya ce: "Malam, jama'a na ƙorafin ba sa jin huɗuba, zo ka ƙara mana lasifika." In na je sai in tarar lasifikar ta ishe su, har ta yi yawa. Ƙara kam akwai ta, har kunne na zafi. Kana jin liman na magana, amma ba ka iya raba wannan kalma da waccan.

Kafin in taɓa ko waya ɗaya, nakan roƙi ladan ya kashe fankoki, in tsaya a tsakiyar masallacin in tafa hannu da ƙarfi. Sai mu yi shiru mu saurara. A wani ɗakin, tafin na mutuwa nan take. A wani kuwa sai ka ji yana ta shawagi a sama, daƙiƙa uku, huɗu, bai gama ɓacewa ba. Da na ji haka na san ginin ne ke da ciwo, kuma ko sabuwar amfilifaya aka sayo a kwali ba za ta warkar da shi ba.

Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, in ana zafi irin namu na bazara ma yakan haura 350. Idan ya fito daga bakin liman ko daga lasifika, kaɗan ne ke zuwa kunnenka kai tsaye. Sauran ya bugi bango, ya koma silin, ya faɗo kan tayil, ya sake tashi, a kowane bugu yana rasa ɗan ƙarfinsa. In bangon mai laushi ne ko mai ƙofofi, ya shanye da yawa. In siminti ne mai santsi da aka shafe da fenti mai ƙyalli, ko tayil, ko gilashi, kusan duka yake maidowa. To mai magana yakan furta gaɓa huɗu zuwa biyar a daƙiƙa guda. Ka lissafa: in ɗaki na riƙe sauti daƙiƙa huɗu, lokacin da sabuwar gaɓa ta iso kunnenka akwai goma sha wani abu da suka riga ta, duk suna nan a iska. Kamar almajiri ne ya yi sabon rubutu a kan allon da bai wanke ba.

Wanda ya fara auna wannan al'amari wani malamin kimiyya ne a jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka ɗora masa aikin gyara wani sabon zauren lacca a gidan tarihi na Fogg, inda kalma ke yin sama da daƙiƙa biyar kafin ta mutu, ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Cikin dare yake aikinsa, lokacin da gari ya yi tsit. Shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga wani zaure da ke kusa, su shimfiɗa, ya busa sauti, ya riƙe agogo yana auna tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya ɓace, su ƙara matasai, ya sake aunawa, kafin gari ya waye su mayar. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da har yau da ita ake aiki: gwargwadon girman ɗaki, gwargwadon daɗewar sauti a cikinsa, gwargwadon yawan abin da ke shanye sauti, gwargwadon saurin mutuwarsa. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Zauren kiɗa na son kusan daƙiƙa biyu. Wurin magana kuwa daƙiƙa ɗaya ce ko kusa da ita. Masallaci wurin magana ne da karatu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke gini yanzu. Tayil a ƙasa, tayil a bango har sama, tagogin gilashi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, ga ƙubba a tsakiya. Ƙubbar nan tana da kyau a ido, ni ma ina son ta, amma lanƙwasarta na tattara sauti ta zubo shi wuri ɗaya, wanda ke ƙarƙashinta ya sha hayaniya. Ginin ƙasa irin na da, kamar tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, bangonsa ba shi da santsi, ga ginshiƙai masu kauri da bakan gizo da zanen da aka fito da shi a jikin bango. Irin wannan fuska tana tarwatsa sauti ta ko'ina, ba ta mayar da shi dunƙule.

Na taɓa yin doguwar muhawara da wani dattijo shugaban kwamiti. Ya ce, "Yaro, in ba a ji ba ai sai a ƙara murya." Na ce, "Baba, a fili haka ne. A cikin ɗakin nan kuwa, in na murɗa, muryar liman za ta ƙaru, amsa-kuwwarta ma ta ƙaru daidai wa daida. Ruɗanin na nan yadda yake, sai dai ya ƙara ƙarfi." Na sa ladan ya karanta sanarwa, na rage ƙarar zuwa rabi, na kashe lasifikokin da ke fuskantar bango. Baba ya koma sahun baya ya zauna, can ya ɗago hannu ya ce a bar shi haka.

Akwai kuma maɓallin eko, mai ƙara wa murya amsa-kuwwa. Kusan kowace amfilifaya da ake sayarwa a kasuwa tana da shi, kuma matasa masu kula da na'ura suna son sa don yana sa ƙira'a ta yi zaƙi. Ɗakin da ya riga ya cika da amsa-kuwwa ka ƙara masa ta na'ura! Lokacin huɗuba da tafsiri dai a mayar da shi sifili, ina roƙo.

Dattawa ne suka fi cutuwa, kuma su ne ba sa son yin ƙorafi. Idan shekaru suka ja, sautuka masu siriri ne ke fara kuɓuce wa kunne, kuma a nan baƙaƙe irin su sa, sha, fa da tsa suke zaune. Ba su da ƙarfi, ba sa daɗewa. Wasula ne masu ƙarfi, su ne ke yawo a ɗaki suna danne baƙaƙen. Saurayi zai iya cike gurbin da hasashe. Tsoho sai ya ji ana ta "aa, oo, uu", ya koma gida bai san a kan me aka yi huɗuba ba. Haka ɓangaren mata, wanda sau da yawa lasifika ɗaya tal ake rataye musu a lungu, ita ma wadda aka cire daga wani wuri.

Gyaran ba sai an rushe gini ba. Lasifikar ƙaho ta waje ce, ta kiran salla, a fitar da ita daga ciki. A sa ƙananan lasifikoki da yawa, a sauko da su kusa da kan mutane, a karkatar da su suna kallon sahu, kowace da ƙara kaɗan. In masallacin na da tsawo, a sa wa lasifikokin baya na'urar jinkiri, mai ɗan riƙe sautinsu har na gaba ya iso, domin tazarar mita 17 kawai ta isa ta sa kunne ya fara jin murya ɗaya kamar biyu. Kafet mai kauri da soso a ƙarƙashinsa ya fi siririyar darduma nesa ba kusa ba. Bangon baya, wanda ke fuskantar liman, shi ne babban mai maido da murya: a rufe shi da labule mai nauyi, ko katako mai huji-huji da abu mai laushi a bayansa. Taga a buɗe kuwa ba ta maido da komai.

Kada kuma a gwada na'ura ranar Juma'a kaɗai. Jikin mutane da tufafinsu na shanye sauti sosai, don haka masallacin da ya cika maƙil yakan rufa wa ginin asiri. A zo da Asuba, lokacin da sahu biyu ne ko uku, a tsaya a baya a saurari karatun liman. Waɗanda ke shirin sabon gini kuwa, su kira mai sauti tun ana zane a takarda, kafin a sayi tayil ɗin bango.