Zanen haɓa a motar Rotorua

Daga Doha zuwa Okland, a ƙasar New Zealand, mun shafe fiye da awa 16 a sama, shi ya sa na shiga motar Rotorua a gajiye liƙis, da niyyar barci. Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mawori da ta zauna kusa da ni ta hana idona rufuwa. Baƙin zane ne a leɓɓanta, ya gangaro haɓa yana nannaɗewa. Ina ta satar kallo har ta kama ni. Dariya ta yi, ta nuna billen da ke kumatuna ta ce, to kai naka fa?

Whaea nake ce mata, kamar yadda na ji yaran motar suna yi, wato Inna. Sunan zanen nata moko kauae, na mata ne. Na maza kan mamaye fuska duka. Ta ce ba ado ba ne, asali ne: wanda ya iya karantawa zai ga dangin mutum da matsayinsa. A da, gwanin aikin, tohunga, ba allura yake sa wa ba. Wata 'yar aska ce ta ƙashin tsuntsun teku, uhi, yana ɗora ta yana bugu da sanda, fata ta tsage, a cusa baƙin da aka samu daga ƙona ƙaron itacen kauri. In ya warke sai ya bar kwari da tudu, ana jinsa da yatsa. Nan take na tuna wanzamin gidanmu da zabirarsa.

Rotorua kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ya tarbe mu, tururi na fita daga ƙasa har a gefen titi. Kwana biyu na yi, na wuce Welintin.

A gidan tarihi na Te Papa abin ya daina ba ni sha'awa kawai, ya fara ɓata mini rai. Mawori kan busar da kan babban mutum mai zane su adana, na dangi don girmamawa, na abokin gaba don izgili. Da Turawa suka zo sai kawunan suka zama haja, ana musayarsu da bindiga, har Gwamna Darling, wakilin Ingila a Sidni ta Ostireliya, ya haramta cinikin a 1831. Tun 2003 Te Papa ke bin gidajen tarihin Turai da Amurka tana karɓo waɗannan kawuna. Kakanni suke ce musu, kuma ba a baje su a gilashi. Wasu sarakunan Mawori ma da zanen fuskarsu suka sa hannu a yarjejeniyar Waitangi da suka ƙulla da Ingila a 1840.

Zanen maza ya kusa ɓacewa, tsofaffin mata ne suka riƙe na haɓa har aka farfaɗo da shi. 'Yar majalisar ƙasar, Nanaia Mahuta, ta yi nata a 2016, a 2020 ta zama ministar harkokin waje.

Ni dai ba zan yi ba, addinina bai yarda ba, kuma su kansu ba sa yi wa bare moko, sai wani zanen kwalliya da suke kira kirituhi. Abin da ya tsaya mini a rai tambayar Whaea ce, kafin ta sauka: me billena yake faɗa? Na ce na gidanmu ne. Ta ce wane gida, daga wa aka faro? Na buɗe baki na rufe. A daren na kira Baffa a Katsina, shi kuma ya ce in bari sai na dawo, maganar ba ta waya ba ce.