Kifin saman Tibet da kududdufin bayan garinmu

Satin da ya wuce na je gida wajen Auyo, na tarar da kawu a gindin darbejiya yana ɗinkin koma, gefensa bokiti da ƴan tarwaɗa da ƙarfasa da yara suka kamo a kududdufin bayan gari. Kududdufin nan fa da rani ƙafewa yake ƙaf har yara su buga ƙwallo a ciki, amma duk shekara sai an ci kifinsa. Na ce kawu wai daga ina suke zuwa ne? Ya ɗago ya kalle ni kaman na tambaye shi sunana, ya ce ɗan nan bokon naka bai gaya maka ba, in kogi ya yi ambaliya ai duk ruwa ɗaya ne, ya kawo nasa ya tafi da namu, gaiwa ce kawai ke kwana a laka.

Wallahi abun da ya faɗa a numfashi ɗaya shi ne na yi wata guda ina fama da shi a karatu, sai dai ni nawa kifin a can Tibet yake, wani tudu mai tsayi a nahiyar Asiya. Turawa na ce masa loc, ɗan siriri ne yawanci bai fi tsawon yatsa ba, yana da gashin baki kaman tarwaɗa, kullum yana kwance a ƙasan ruwa tsakanin duwatsu. Dangin da suka mamaye tudun Tibet sunansu Triplophysa, sun haura kala 100, kuma an samu wani a ruwan da ke sama da mita 5,000 a kan tudu, wajen da mutum ma sai yana haki ga sanyi mai daskarar da ruwa.

Shi tudun ba haka nan yake tun farko ba, ƙasar Indiya ce ta zo ta yi karo da Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙasa ta dinga tashi a hankali, koguna suka dinga canza hanya, wani kogin ya ci baya har ya sace kan wani da kifin da ke ciki duka. Yanzu daga can manyan kogunan Yangtze da Mekong da Indus da Brahmaputra ke fitowa. To kifin da dutse ya raba su, kowa ya zauna a kwarinsa yana auren gida shekara dubbai har kama ta fara bambanta, kwatsam ƙanƙara ta narke tafkuna su cika su haɗe, waɗanda suka rabu su sake gamuwa su hayayyafa, ruwa ya ja a sake rabuwa. Kududdufinmu kenan, bambancin kawai namu duk damina ne.

Inda abun ya fi burge ni shi ne yadda ake gano wannan cakuɗuwar. Akwai wani ɓangare na ƙwayoyin gado, na mitokondiriya, daga uwa kaɗai ake gadonsa, sauran kuma uwa da uba ne. Sai masu bincike su ɗauki kifi, jikinsa da yawancin gadonsa su ce ɗan gidan wane ne, na wajen uwa kuma ya nuna wani gida daban. Ma'ana can baya wata kaka ta shigo daga wani kwarin, jikoki suka ci gaba da aure a dangin uba har kamanninta suka ɓace amma tambarinta na nan. Shi ya sa ni zanen bishiyar asali da ake mana a aji, reshe ya rabu shikenan ba ya komowa, bai cika gamsar da ni ba, ya fi kama da auratayyar ƙauyukanmu, in ka bi salsala kowa ɗan uwan kowa ne.

A Afirka loc kaɗan ne, akwai a tafkin Tana na Habasha da kuma Maroko, mu nan babu. Amma labarin muna da shi, giwan ruwan da ke Nilu shi ne a tafkin Chadi shi ne a kogin Neja, don a da ruwayen nan sun sha haɗuwa, har yanzu ma in ruwa ya yi yawa kogin Logon na Chadi da Kamaru kan malala ta kogin Mayo Kebbi na can ya faɗa Binuwai. Mu kuma tunda aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan Haɗeja ta canza, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyi, wani wajen ruwa ya kwanta shekara guda wani wajen ya daina zuwa, kifin da da yake ziyara yanzu an yi masa katanga.

Na buɗe waya na nuna wa kawu hoton loc ɗin. Ya kawo ta kusa da ido ya daɗe yana kallo, ya ce yanzu a kan wannan ɗan tsiton kuke ƙona man fitila? Na ce kawu a Japan da Koriya ma cin ƴan uwansa ake. Ya miƙo min wayar ya ja zarensa, ya ce to Allah ya ba su haƙuri, wannan ko a miyar kuka ba zai yi auki ba.