Abin da nake ba wa masu musayar kayan Sallah shawara su gasa

Sana'ata suya da gashi ce: cincin, dubulan, kek da gireba. Shagon ɗan ƙarami ne a jikin gidana a Kano, ni da 'yan mata biyu masu taya ni aiki. Kasuwarmu ta fi ci a goman ƙarshe na azumi da lokacin bukukuwa.

A 'yan shekarun nan wani sabon ciniki ya shigo mana. Mata 'yan adashi ɗaya, ko ma'aikatan ofis ɗaya, sukan shirya musayar kayan Sallah. Asalin tsarin na Amurkawa ne, a watan Disamba suke yin sa gab da Kirsimeti: kowace mace ta gasa biskit iri ɗaya mai yawa, a haɗu a gida ɗaya a jera a tebur, kowa ta tafi da kaɗan daga na kowa. Bai yi mana wuyar karɓa ba, tunda dama ranar Sallah kwanuka ke yawo tsakanin maƙwabta.

Wasu oda suke ba ni. Wasu kuma da hannunsu suke son yi, sai su zo da hoto a waya su ce, "Anti, wannan nake so ki koya mini." In duba in ga biskit ne mai ado kala uku, ga cakuleti an zuba a kai. Nakan fara da lissafi. In ku goma ne kuma kowa za ta samu dozin ɗaya, guda 120 ke gabanki, da azumi a bakinki, ga girkin buɗa-baki, ga zaryar gidan tela. Sannan a shekarun nan ƙaramar Sallah a Maris ko Afrilu take faɗowa, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40. Cakuleti da bota ba sa jure wannan zafi, firji kuwa sai yadda masu wuta suka ga dama.

Shi ya sa nake cewa su yi gireba. Ba ta son ƙwai, ba ta son injin kwaɓi, ba ta son abin yankan biskit. Awona shi ne gwangwanin madara 4 na fulawa, 1 na sukari, 1 na man gyaɗa mai kyau, ɗan bekin foda, sai riɗi na barbaɗawa. Sukarin a niƙa shi ya zama gari, domin babu ruwan da zai narkar da shi a cikin kwaɓin, in aka zuba mai tsaba sai an ji shi a haƙori. Man kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa ana murzawa da tafin hannu, har sai kin dunƙule kwaɓin kin buɗe hannu bai wargaje ba. Fulawa ba duka ɗaya take shan mai ba, don haka hannunki ne alƙali. Kada ki luda shi kamar na burodi, tauri zai yi. A cusa a ludayi ko ƙaramin kofi a kife a faranti, a danna riɗi a kai.

Wurin gashi ake yawan yin asara. Gireba wuta kaɗan take so, kamar maki 160, na minti 20 zuwa 25. Samanta ba ya yin ja sosai, ƙasan ake ɗagawa a duba. Wadda ba ta da oben ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta ɗora faranti a kai, ta rufe, ta sa garwashi kaɗan a kan murfin. Haka iyayenmu suka gasa, kuma har gobe ina da kwastomomin da suka fi son ta gawayi. In ta fito kada a taɓa ta da zafi, a lokacin ko yatsa aka sa mata sai ta ruguje. Sai ta huce sarai take kama jikinta.

Cincin ma yana da sauƙi, amma a taron mata goma sai ki tarar biyar shi suka kawo. Dubulan da alkaki kuwa a bar wa masu hannu, naɗin dubulan kaɗai sai ya cinye miki dare.

Aibin gireba ɗaya ne, ba ta son jijjiga. A roba mai murfi nake jera ta, takarda tsakanin layi da layi, kuma ba na wuce layi uku. Leda kam sam, kafin ɗan sahu ya kai ki unguwar za ki tarar ta zama gari. In ta huce kafin a rufe, takan yi mako biyu lafiya lau, wato ana iya gamawa da ita tun kafin a shiga hidimar jajibiri.

Fulawa da sukari a kasuwar Singa nake saro su, riɗi kuma a Dawanau, tun farkon azumi kafin farashi ya motsa. Riɗin sai an wanke an rege shi saboda tsakuwa, a shanya ya bushe. Odar musaya ina rufe karɓarta ranar 25 ga azumi, wadda ta zo bayan nan sai dai in rubuta mata awon a takarda.